Ranar Da Hazo Ya Rufe Mu A Kan Duwatsun Romaniya

Mu huɗu ne, dukkanmu ɗalibai a Bukarest, babban birnin ƙasar Romaniya. Shekara biyu muka yi a garin ba mu san ko'ina ba sai aji da ɗakin kwana da shagon da muke sayen naman halal. Da muka gama jarrabawa a watan Yuli, kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfinmu, sai muka haɗa ɗan abin da ya rage mana, muka ce mu ma bari mu je mu ga duwatsun Karpat ɗin nan da 'yan ajinmu suka ishe mu da labarinsu. Maganar gaskiya, hoto ne ya kai mu. Mun tsara kwana uku: ranar farko a garin Sinaya, ta biyu a kan dutse, ta uku a gidan sarautar Biran, wanda ake jingina wa tatsuniyar Dirakula mai shan jini.

Da sassafe muka shiga jirgin ƙasa. Da farko gonakin masara ne shimfiɗe iya ganinka. Bayan mun wuce Piloyeshti, garin man fetur, sai ƙasa ta fara tashi, jirgi ya kama kwarin kogin Pirahoba, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura suka rufe mu dama da hagu. Ba mu cika awa biyu ba muka sauka a Sinaya.

Sunan garin ya ba mu mamaki da muka ji asalinsa. Wani basarake mai suna Mihail Kantakuzino ne ya je ziyara Dutsen Sina'i, da ya dawo ya gina gidan ibada a nan a 1695, ya sa masa sunan dutsen, gari kuma ya gaji sunan. A gefen garin ne Sarki Karol na Ɗaya ya gina fadar Pelesh, wadda aka fara aikinta a 1873 aka buɗe ta a 1883. Ɗakunanta sun haura 160, ga sassaƙar katako ko'ina, ga takubba da sulke na ƙasashe daban-daban. Mun sha kallo, mun sha hoto, muka wuce garin Bushteni da ke gaba kaɗan, inda muka kama ɗaki a gidan wata dattijuwa.

Da safe ta dubi takalmanmu na ƙwallo da 'yan rigunanmu marasa nauyi, ta girgiza kai. "'Ya'yana, a haka za ku hau? Ku ɗauki rigunan sanyi, kuma ku sauko kafin la'asar." Da yake mun yi shekara guda muna koyon harshensu, mun ji ta sarai. Muka ce, "To, Mama." Muna fita muka bushe da dariya, don rana ta take, mutane na shan iska da gajerun wanduna. Ɗan Jos ɗin cikinmu har da cewa ba a yi sanyin da zai ba shi tsoro ba.

Ana hawa ne cikin wani akwatin ƙarfe mai tagogi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, wanda suke kira telekabina. Layi ya yi tsawo, sai wajen sha biyu muka samu shiga. Da muka fito a sama, a wurin da ake kira Babele, wato tsofaffin mata, mun haura mita 2,200. Babu itace ko ɗaya, sai ciyawa da iska. Ga wasu duwatsu da iska da ruwa suka sassaƙe, wasu kamar tsofaffi sun zauna hira, ɗaya kuma kamar fuskar mutum-mutumin nan na Masar. Wannan tudun shi ne Bucej, kuma ƙololuwarsa, Omu, ta haura mita 2,500.

Daga nan muka taka kamar awa ɗaya da rabi zuwa wani ƙaton gicciye na ƙarfe da ke bakin dutsen Karaiman, wanda aka gina tsakanin 1926 da 1928 don tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. In ka leƙa ƙasa, gidajen Bushteni kamar akwatunan ashana. Muka shagala da hoto har la'asar ta yi. A hanya mun ga alamomin fenti ja da shuɗi a jikin duwatsu da sandunan ƙarfe, amma ba wanda ya tsaya ya lura da wacce muka biyo.

Girgije muka ga ya taso daga ƙasanmu. Kafin mu gama mamaki ya lulluɓe mu. Ba ka ganin abin da ke taku biyar a gabanka. Iska ta juya, yayyafi ya fara, yatsunmu suka sandare. Ɗan Jos ne ya fara karkarwa. Wayoyinmu kuwa hoto ya cinye cajinsu, ɗaya ce ta rage da ɗan numfashi. Mun daɗe muna dundume, sannan muka ci karo da wata siririyar hanya da ta nufi gangare. Muka ce ai gari a ƙasa yake, mu bi ta kawai.

Ba mu yi nisa ba muka ji haushin karnuka, manya uku, sun kewaye mu. Sai wata murya ta daka musu tsawa. Wani tsoho ya fito daga cikin hazon, da baƙar hula da doguwar sanda, tumaki na biye da shi. "Samari, ina za ku?" Muka ce, "Bushteni, Baba." Ya ce hanyar da muka kama sunanta Jepi Mici, akwai wuraren da sai an riƙe sarƙa ake wucewa, kuma masu aikin ceto sun saba ɗauko mutane daga cikinta ko da rana tsaka. Ya ƙara da cewa in dare ya same mu a dajin ƙasa, akwai beyar, dabbar da ta fi yawa a Romaniya fiye da kowace ƙasa ta Tarayyar Turai. Jikinmu ya yi sanyi.

Ya ja mu zuwa 'yar bukkarsa, ya hura wuta. Ya ɗauko wani abu rawaya, ya dunƙula shi da cuku a ciki, ya gasa a kan garwashi. Muka tambaya ko da kitsen alade. Ya yi dariya, ya ce garin masara ne da gishiri da cukun tumaki. Sunansa mamaliga. Da muka kai baki muka dubi juna: tuwon masara ne sak, miya ce kawai babu. Ya ce da bazara yake hawowa da tumakinsa, in sanyi ya matso ya gangara ƙauye, kamar dai yadda Fulaninmu ke yi. Ɗansa ya tafi aiki Italiya, shi kaɗai ya rage da sana'ar. Ya tambaye mu ko muna da tumaki a ƙasarmu. Muka nuna masa hoton ragon layya a wayar da ta rage, ya daɗe yana duba ƙahonnin.

Telekabina ta riga ta tsaya saboda iska. Ya raka mu har layin sandunan ƙarfe, ya ce kada mu bar sanda ɗaya sai mun hango ta gaba, za su kai mu Piyatra Arsa, inda hanyar mota ta iso. Muka miƙa masa kuɗi, ya ture hannunmu. A can muka samu direban da ya sauko da mu, ya kuma karɓe kuɗin da muka ware don Biran. Mun tarar da dattijuwar nan a ƙofar gida da waya a hannu, tana shirin kiran 112, lambar agajin gaggawa. Ba ta yi mana faɗa ba, shayi ta dafa mana.

Washegari muka koma Bukarest ba mu ga gidan Dirakula ba. Ba mu damu ba, tunda shi kansa Bram Stoker da ya rubuta littafin a 1897 bai taɓa taka ƙasar ba. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ke shirin hawa kowane dutse, a gida ko a waje: ku tafi da wuri, ku ɗauki rigar sanyi da ruwan sha, ku rage wa waya caji, ku lura da hanyar da kuka biyo. In mutumin wurin ya gaya muku magana, ku ji. Mu dai mun fara tara kuɗin takalman hawa, don mun yi alkawarin komawa baɗi mu kai wa Baba kilishi.