Kafin ku tambaye ni wace manhaja ta fi, ku faɗa mini wa zai buɗe tikiti



Ɗazu bayan la'asar wani ƙanina a sana'a ya turo mini takarda ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan kafin Litinin." Jadawali ne, an jera ServiceNow da Jira Service Management da Freshservice da ServiceDesk Plus, kowacce an bi ta da maki, wani kore wani ja. Wai ogansu ne ya dawo daga taro a Legas ya ce lallai a sayo manhajar karɓar koke-koken ma'aikata irin ta bankuna. Su nawa ne a sashen kwamfuta? Ba su cika biyar ba. Na ce masa, yanzu in firinta ta ƙi aiki a ofishin akanta, ta yaya kuke ji? Ya ce kira ake yi, ko a turo masinja, ko a tare mutum a bakin masallaci bayan azahar. Duk tsawon jadawalin nan babu layi ɗaya da ya taɓo wannan.

Abin da ya ɓata mini rai ke nan. Kun san na sha faɗa a shafin nan, kuma waɗanda suka karanta abin da na rubuta kwanaki kan kyamarorin tsaro da ake sakawa ba a tanadi mai kallonsu ba, za su ce yau ma waƙar ce. E, ita ce.

Ga waɗanda ba 'yan harka ba: aikin irin wannan manhaja shi ne duk wanda kwamfutarsa ta samu matsala, ko ya manta kalmar sirri, ko yake son a buɗe wa sabon ma'aikaci imel, ya shigar da buƙatarsa a rubuce. Mu muna ce masa tikiti. Tikitin zai samu lamba, a san wa aka ba, yaushe aka ba shi, yaushe ya kamata ya gama. Mafi yawan manhajojin nan an gina su ne kan wani tsarin aiki da ake kira ITIL, wanda gwamnatin Birtaniya ta fara haɗawa a shekarun 1980, aka fitar da zubi na huɗu a 2019. Shi ne ya raba tsakanin abin da ya lalace yanzu, da tushen matsalar da ke sa shi yawan lalacewa, da canjin da ake son yi wanda sai an nemi izini. Duk manhajojin da ke jadawalin yaron nan suna yin waɗannan. Shi ya sa makinsu ya fito kusan kore duka, kuma shi ya sa jadawalin bai gaya masa komai ba.

ServiceNow babba ce, ba mai musu. Fred Luddy ne ya kafa kamfanin, hedkwatarsu na Santa Clara a jihar Kalifoniya ta Amurka, sun shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2012. In kana da ma'aikata dubbai da rassa a jihohi, da masu binciken kuɗi da za su zo su ce nuna mana wa ya amince aka taɓa wannan saba ranar kaza, to nan ne gidanta. Amma ba sa rubuta farashi a shafinsu, sai ka zauna da 'yan kasuwarsu. Kuma kuɗin lasisi somin-taɓi ne. Sai ka ɗauko wani kamfanin ya zo ya tsara maka ita, sannan ka ajiye mutum wanda ba shi da wani aiki sai kula da ita. Ma'aikatar da mutum ɗaya ne ke gyara netwok, shi ke saka tawada a firinta, shi ake kira in janareta ya ƙi tashi, ta ce za ta sayi wannan, daidai take da wanda ya sayi tirela don kai yara makaranta.

Jira Service Management ta kamfanin Atlassian ce na Sidni a Ostareliya. A da sunanta Jira Service Desk, aka canza a 2020. In a wurinku akwai masu rubuta manhaja da suka riga suka saba da Jira, za ta yi muku daɗi, don koken da ya shigo yana iya wucewa kai tsaye ya zama aiki a gabansu. Suna da tsarin kyauta na ma'aikata uku. Sai dai ku riƙe wannan: a watan Fabrairun 2024 suka daina tallafa wa nau'in Server, wato wanda ƙananan ma'aikatu ke ɗorawa a kwamfutarsu ta cikin gida. Wanda ya gina komai a kansa dole ya yi ƙaura. Ba laifi nake ɗora musu ba, kasuwarsu ce. Ina dai tuna muku cewa mai kaya shi ke yanke ranar tashi.

Freshservice ta Freshworks ce, kamfanin da ya taso daga Chennai ta Indiya a 2010. Tana da sauƙin koyo, a intanet kawai take aiki. ServiceDesk Plus kuma ta ManageEngine ce, reshen Zoho, su ma 'yan Indiya, kuma ita tana ba ka zaɓi: ko a sabarsu, ko ka ɗora a taka.

Wannan zaɓin ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, ko da yake jadawalin da aka kwafo daga shafukan Turawa ba zai ba shi muhimmanci ba. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kodebuwa, har da MainOne da WACS, kowa ya ga yadda bankuna suka rikice. A irin wannan rana, manhajar da za ka shiga ka rubuta cewa intanet ya ɗauke, ita ma tana can ƙetaren teku. A ɗaya ɓangaren kuma, in ka ɗora a sabarka, wuta da sanyaya ɗaki da ajiye kwafi duk a wuyanka suke. Kowanne da nasa ciwon kan, kai ne ka san wanda za ka iya ɗauka.

Sai maganar dala, wadda ita ce ba a son a yi a gaban oga. Yawancin manhajojin nan haya ake yi, duk shekara a biya, kuma galibi ana lissafi ne da yawan ma'aikatan da ke amsa tikiti. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce kana biyan dala 5,000 a shekara, ka tashi daga naira miliyan 2.3 ka koma miliyan 7.5, alhali ko maɓalli ɗaya ba a ƙara maka ba. Na ga wurin da aka yi bikin ƙaddamarwa har da yanka kek, da shekara ta zagayo aka kasa sabuntawa, tarihin koke-koken shekara guda ya tafi, aka dawo WhatsApp kamar ba a yi ba.

Akwai wadda ba ta ma shiga jadawalin ba, GLPI. A bakin wani abokin aiki ɗan Maraɗi na fara jin sunanta, don 'yar Faransa ce, kuma ɓangaren masu Faransanci sun riga mu saninta. Tun 2003 take, kyauta ce, kowa na iya saukewa ya ɗora a sabarsa. Fuskarta ba ta kai ta sauran kyau ba, gaskiya. Amma tana karɓar tikiti, tana kuma riƙe lissafin kaya: kwamfuta nawa ke gidan, wacce ke hannun wa, yaushe garantinta zai ƙare. A wurare da yawa wannan lissafin ya fi tikitin amfani, domin ma'aikaci yakan bar aiki da kwamfutar ofis ba wanda ya lura sai bayan watanni.

Na san za a zo ƙasan rubutun nan a ce araha ba ta ado, a ce wane kullum son banza, ko kuma a ce don ba ni da takardar shaidar ServiceNow ne nake hassada. Ku ce. Ni ban ce kyauta ta fi ba. GLPI ma tana cin kuɗi, lokacin mutum take ci, kuma in wanda ya ɗora ta ya tafi bai koya wa kowa ba, kun shiga uku. Abin da nake cewa shi ne ba a fara da tambayar wacce ta fi. Ana farawa da tambayar ko mutanen gidan nan za su yarda su bi layi.

Nan fa gizo ke saƙar. Ranar farko za a tara ma'aikata a ce daga yau ba tikiti ba gyara. Washegari Yallaɓai da kansa zai ɗaga waya ya ce, "Kai, zo yanzu, wayata ta ƙi haɗuwa da netwok." Za ka ce masa ya buɗe tikiti? Ka tashi ka tafi, ka bar baiwar Allah a ɗakin karɓar kuɗi da ta shigar da kokenta tun safe, mutane na tsaye a gabanta. Ita ma gobe ba za ta rubuta ba, kira za ta yi. Wannan zalunci ne ƙarami da muka saba da shi har ba ma ganinsa. Kuma kuɗin da aka kashe amana ne, ko na gwamnati ko na masu jari, za a tambaye mu a kansa. Ba na jin akwai uzuri ga wanda ya sa hannu aka fitar da miliyoyi don kawai a ce mu ma muna amfani da abin da banki ke amfani da shi, alhali shi ne na farko da zai karya tsarin.

Abin da na gaya wa ƙanin nawa kaɗan ne. Ku ɗauki ɗaya daga cikin na kyauta ku gwada wata uku. Ku buɗe adireshin imel guda wanda duk saƙon da ya shiga zai zama tikiti da kansa, don mutanenmu ba sa son cike fom mai tsawo. Wanda ya kira, kai ka buɗe masa tikitin yana kan waya, ka karanta masa lambar. Rukunin matsaloli kada su yi yawa. In kun zo saye, ku tambayi farashin shekara ta biyu a rubuce, ku tambayi yadda za ku kwashe bayananku ranar da kuka ce kun bari, ku kuma tambayi a wace ƙasa ake ajiye su, don tikiti na ɗauke da sunaye da lambobin mutane, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanai. Kalmar sirrin babban mai kula kada ta zauna a kan mutum ɗaya.

Wanda ke aiki a wurin da aka sayi ɗaya daga cikin manhajojin nan kuma har yau oga da kansa yake buɗe tikiti, don Allah ya faɗa mana a ƙasa yadda suka yi, ba sai ya ambaci sunan wurin ba. Masu turo mini jadawali ta akwatin sirri kuma, ku haɗo da yawan ma'aikatanku da abin da za ku iya biya duk shekara da naira, in ba haka ba ba zan amsa ba.