Zuwa Sakkwato da Argungu a Motar Haya: Abin da Ɗalibi Zai Sani

'Yan uwa ɗalibai, hutu ya ƙarato. Da yawanmu mun haddace yaƙin Giginya don jarrabawa, amma ƙalilan ne suka taɓa taka wurin. Ba sai makaranta ta yi shatar bas ba. Mutum huɗu ko biyar tare da malami ɗaya ko wani babba na gida za su iya wannan tafiya a motar haya cikin kwana biyu, idan an yi shiri.

Shirin yana farawa da izinin iyaye da tambayar lafiyar hanya. Wasu wuraren tarihin, kamar Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, da Tafkin Kwatto inda aka gwabza a 1804, suna yankunan da matsalar tsaro ta addaba. Waɗannan mukan bar su sai hali ya yi. Direbobin da ke bin hanya kullum sun fi kowa sanin halin da take ciki, don haka mukan je tasha tun jajibirin tafiya mu tambaye su. Idan suka ce a dakata, sai a dakata.

A cikin tasha muke hawa mota, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Motar bakin hanya ta fi araha, amma idan wani abu ya faru babu wanda ya san da wa ta tafi. Motar haya ba ta da agogo, sai ta cika take tashi, kuma motar farko ta fi saurin cika. Saboda haka ana idar da sallar asuba muke kama hanyar tasha. Mukan tambayi kuɗin mota wajen mai yankan tikiti, mu riƙe canji, mu kuma ware kuɗin dawowa a wani aljihu dabam. Katin makaranta da ruwan sha da ɗan littafin rubutu su ne sauran guzurin.

Idan mun sauka a Sakkwato, wurin da muke fara nufa shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu. Dalili kuwa, filin yaƙi ba ya magana. Wanda ya fara ganin makamai da tsofaffin takardun da aka adana a nan, shi zai gane abin da yake kallo idan ya fita waje. Daga nan sai Hubbaren Shehu, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake. Ya rasu a 1817, cikin garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Wuri ne na ziyara, don haka a sa tufafin mutunci, a rage murya, kada a ɗaga waya don hoto sai an tambayi masu kula da wurin. Keke mai ƙafa uku ko kabu-kabu za su kai mutum duk waɗannan wurare, amma a yi ciniki kafin a hau.

Giginya ita ce ta fi ba ɗalibai mamaki. A nan ne ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, da dawakai da takubba da kibau, ta fuskanci manyan bindigogin Turawan Ingila. A lokacin fili ne a bayan ganuwa. Yau gari ya cinye shi, sai sunan da ya rage a jikin filin wasa da barikin soja. Wanda ya zo neman ramuka da kwalkwali zai koma da takaici. Abin da muke yi shi ne mu tsaya mu kwatanta inda tsohon gari ya ƙare, mu tambayi dattawan unguwa abin da suka ji daga kakanninsu. Daga wannan fili Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, har zuwa Burmi a jihar Gombe ta yanzu, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli na wannan shekarar. A kula, ba a ɗaukar hoton barikin soja.

Kudu da birnin akwai kufan Satiru. A 1906 talakawan ƙauyen suka yi tawaye, suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama, daga baya aka dawo aka rusa garin baki ɗaya. Irin wannan wuri mota ba ta kai mutum har ƙofa. Sai an sauka an nemi babur, kuma sai an fara gaida mai gari an faɗi abin da ya kawo mutum. Shi zai haɗa baƙi da ɗan jagora. Gonakin mutane ne, wasu wuraren kuma makwancin waɗanda suka mutu ne, don haka ba a tsintar komai a sa a jaka.

Rana ta biyu ta Argungu ce, a jihar Kebbi, tafiyar kusan kilomita 100. Gidan tarihi na Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, kuma a ciki akwai kaburburansu da makaman yaƙi. Amfanin zuwa nan shi ne jin labarin daga ɗaya ɓangaren, domin Kabawa sun shafe shekaru masu yawa suna yaƙi da Sakkwato da Gwandu. Bikin kamun kifin da ya yi suna ma yana da alaƙa da wannan: ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 ita ta zama shaidar sulhu. Idan labarin da kuka ji a Argungu ya saɓa da na Sakkwato, ku rubuta duka biyun, ku kai wa malamin tarihi.

Doka ta ƙarshe: da la'asar sakaliya a kasance cikin motar dawowa. Motocin ƙananan garuruwa suna ƙaranci da yamma, tafiyar dare kuma ba ta ɗalibi ba ce. Ko da saura wurin da ba a gani ba, a bar shi sai wani hutun. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.