Shagunan Kwana Goma: Daga Ƙofar Mata Zuwa Kurmi

A cikin birnin Kano akwai shagunan da ba su da ƙofa, ba su da kwaɗo, ba su kuma wuce kwana goma ko sati biyu a duniya. Tebur ne da lema, ko tabarma, ko baro, wani lokaci ma bayan mota. Sukan tsiro idan azumi ya shiga goman ƙarshe, su ɓace washegarin Sallah. A wannan makon mun bi sawunsu da ƙafa, daga Ƙofar Mata har Kasuwar Kurmi, don ɗalibai su ga yadda wannan ciniki yake tafiya, da abin da ake samu da wanda ake rasawa a cikinsa.

Da shigarmu Ƙofar Mata muka bar marinar nan mai tsohon tarihi, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, muka nufi wajen Kasuwar Rimi. Gefen titi ya cika. Ga takalman yara an jera a kan buhu, ga huluna an kifa su a kan juna, ga madubin ido na roba da agogon wasa, ga awarwaro da ɗan kunne da lalle. Can gaba masu dabino ne da masu ƙanƙara suna jiran la'asar ta yi sanyi. Yawancin masu teburan samari ne, wasu ba su girme wa 'yan aji shida na sakandare ba.

Mun tsaya wajen wani mai huluna, muka gaisa.

"Malam, bayan Sallah a ina za mu same ka?"

Ya yi dariya. "Bayan Sallah ai makaranta zan koma. Kayan na maigidana ne a Kwari, in na sayar in kai masa uwar kuɗi, abin da ya hau nawa ne."

A cikin wannan amsa akwai sirrin sana'ar gaba ɗaya. Shago na dindindin yana cin kuɗin hayar shekara tun kafin a sayar da ko allura, ga kuɗin wuta, ga na mai gadi, ga haraji. Mai tebur ya tsallake mafi yawan waɗannan. Yana fitowa ne a lokacin da kowa yake neman abu iri ɗaya, ya sayar, ya tafi kafin kasuwar ta mutu. Babban ɗan kasuwa ma yana amfana, domin kayansa sun isa lungun da shagonsa ba ya kaiwa.

Ba azumi kaɗai ke haifar da irin waɗannan kasuwanni ba. Duk ranar Juma'a kewayen Babban Masallaci, kusa da Gidan Rumfa, yakan cika da masu turare, carbi, littattafai da magungunan gargajiya, kafin magariba kuma sun watse. Idan Babbar Sallah ta matso, raguna sukan mamaye wajen Ƙofar Na'isa da bakin tituna da dama. Ranar Takutaha, lokacin da jama'a suke hawa Dutsen Dala bayan Mauludi, gindin dutsen yakan koma kasuwar yini ɗaya. Haka ma duk hanyar da dawakai za su bi ranar Hawan Daushe.

Sabon abin shi ne waya. Yanzu akwai matasa da yawa, musamman mata, da suke sayar da atamfa, abaya, turaren wuta da kayan kwalliya ta WhatsApp da Instagram, ba su da shago ko ɗaya. Gab da Sallah sukan haɗa kuɗi su kama ɗakin taro a wajen badala na kwana ɗaya ko biyu, su yi baje koli, don mai saye ya taɓa yadi da hannunsa, ya shinshina turare da hancinsa. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya koya wa har mai tebur karɓar kuɗi ta waya, ga kuma masu POS a kowace kwana.

A ƙasashen waje ma abin yana bunƙasa. A Amurka kamfanin Spirit Halloween yakan kama shagunan da suka zama kufai, ya buɗe fiye da 1,000 na 'yan makonni a kowace shekara, ya rufe su da zarar bikin ya wuce. A Landan an buɗe Boxpark a 2011, kasuwar da aka yi da kwantenoni ana ba da su haya na gajeren lokaci. A birnin Dresden na Jamus kuwa kasuwar Kirsimeti ta faro ne tun 1434 a matsayin kasuwar yini ɗaya. Wato abin da ake kira sabon salo, tsohuwar dabara ce ta sake riga.

Daga masallaci muka gangara Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa a bakin Jakara. A nan lunguna matsattsu ne, rumfuna kuma na gado ne: dukawa, masu sirdi da linzami, masu kayan ƙamshi, 'yan koli. Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya kuma rubuta wani abu da ya ba shi mamaki game da kasuwar. Idan aka sayi riga ko turkuɗi, akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin. Ko Barno aka kai kayan, in aka buɗe aka tarar da aibu, sai a dawo da su a karɓi kuɗi.

A nan ne shagon kwana goma yake da rauni. Mai rumfa a Kurmi yana tsoron ɓata sunan da ya gada, domin gobe ma yana nan. Wanda ya sayi takalmi a bakin titi daren Sallah, ya tsinke kafin a sauko daga Idi, wa zai kai wa ƙara? Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Shi ma mai teburin yana cikin haɗari. Bai da izinin wurin da ya zauna, don haka 'yan KAROTA suna iya tashinsa idan ya tare hanya. Ruwan sama yana iya lalata masa kaya, mayaudari yana iya nuna masa saƙon banki na bogi, abin da ya yi kwantai kuma sai wata shekara, lokacin da yayinsa ya wuce. Masu shaguna su ma suna da ƙorafi: su ne suke biyan haya watanni goma sha biyu, amma a makon da ciniki ya fi kyau sai wani ya kafa tebur a ƙofarsu.

Ga ɗalibin da yake son gwada sa'arsa a hutu, ga lissafi. A ce ka sari hula 40 a kan naira 1,500 kowace, jarinka 60,000 ke nan. Ka sayar da 30 a kan 2,200, ka tara 66,000. Cire kuɗin mota da na abinci da na mai wurin, a ce 8,000, saura 58,000. Ba ka ma mayar da jarinka ba, ribarka tana kwance cikin hula 10 da suka rage. Saboda haka kafin ka sari kaya, ka tambayi maigida ko zai karɓi ragowa. Ka nemi izinin iyaye da na mai unguwa ko mai shagon da za ka raɓa. Ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a littafi. Kada ka saki kaya sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka. Ka kuma ba mai saye lambar wayarka, ka karɓi kayan da aka dawo da su in da gaske suna da aibu. Teburin zai tashi bayan Sallah, amma mutanen da suka saya a wajenka suna nan a unguwa, kuma su ne za su neme ka baɗi.