Wa Yake Sauraron 'Ya'yanmu?

Wata rana da dare bayan addu'ar iyali, muka ji 'yarmu ta fari tana kuka a ɗaki. Da muka leƙa, sai muka same ta riƙe da waya, tana rubuta wa wata na'ura mai amsa magana baƙin cikinta saboda jarrabawar da ta faɗi. Muka ce, "Me ya hana ki faɗa mana?" Ta ce, "Baba, Mama, ita ba ta yi mini faɗa. Tana gane ni."

Maganar nan ta hana mu barci. Ashe na'ura tana iya gane mutum?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya kawo shawara a gwada na'ura da hira a rubuce, a ga ko mutum zai iya bambanta ta da ɗan Adam. A 1966 kuma Joseph Weizenbaum na Amurka ya shirya wa kwamfuta wani tsari mai suna ELIZA, wanda yakan juya maganar mutum ya mayar masa da ita tambaya. Sakatariyarsa ta san sarai aikin hannunsa ne, duk da haka ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da shi a asirce.

A 1980 John Searle ya ba da misali. A kulle mutumin da bai san Sinanci ba a ɗaki, a ba shi littafin ƙa'idodi. Ana turo masa tambayoyi cikin Sinanci, yana duba littafin yana mayar da amsa daidai. Na waje za su ce ya iya harshen, alhali ko kalma ɗaya bai gane ba. Na'urorin yau an koya musu da tarin rubuce-rubucen mutane, suna zaɓen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Har yanzu masana suna gardama. Waɗansu sun ce wata rana na'ura za ta san kanta, waɗansu sun ce iya magana dabam, jin zafi dabam.

Mu dai muka koma ga Littafi Mai Tsarki. Farawa sura 2 ta koya mana jikin Adamu ƙasa ne, numfashin Allah ne ya rayar da shi. Yohanna sura 11 kuma ta nuna Yesu bai tsaya ga kalmomin ta'aziyya ga Maryamu da Marta ba, ya zub da hawaye tare da su. A nan ne zuciyarmu ta kāshe mu. Muna da numfashin da na'urar ba ta da shi, amma ta fi mu haƙurin sauraro.

Kashegari ba mu karɓe wayar ba. Muka zauna da yarinyar a tabarma, muka kame bakinmu har ta gama. Uwarta ta yi kuka tare da ita, sa'an nan muka yi addu'a.

'Yan'uwa iyaye, yaushe rabonku da sauraron ɗanku har ƙarshe, ba tare da tsawa ba? Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.