Birnin New Orleans Da Irin Da Ba Ya Shiga Rumbu

Can a kudancin ƙasar Amurka, cikin Jihar Luwiziyana, akwai wani birni da a ke kira New Orleans. Turawan Faransa ne suka kafa shi cikin 1718 a bakin kogin Misisipi, kimanin mil 100 daga inda kogin ya faɗa teku. Cikin 1803 Faransa ta sayar wa Amurka da yankin baki ɗaya, amma har yau sunayen tituna da na abinci ba su rabu da Faransanci ba. Birnin yana zaune ne tsakanin ruwa biyu, kogi daga kudu, babban tafkin Pontchartrain daga arewa. Wajen rabin ƙasarsa ta fi teku gangarawa, saboda haka ganuwar ƙasa da siminti da manyan injunan zuƙe ruwa su ne ke tsare shi.

Baƙon da ya bar unguwar masu yawon buɗe ido ya shiga cikin gari, zai tarar da gidajen katako dogaye, 'yan tsukaku, ɗaki na bin ɗaki tun daga ƙofa har bayan gida. A bayan kowane akwai ɗan fili kewaye da shingen waya. A kan irin wannan shinge ne mutanen birnin suka daɗe suna renon wata shuka mai yaɗo wadda su ke kira mirliton.

Kamanninsa Da Asalinsa

Mirliton dangin kabewa ne da duma da soso. Ɗansa kore ne, girmansa kamar dunƙulen hannun ƙato, siffarsa kamar ta mangwaro mai tsaga-tsaga a baki. Cikinsa fari ne mai gautsi kamar ɗanyar gwanda, ɗanɗanonsa lami, shi ya sa duk abin da aka dafa shi da shi sai ya ɗauki ƙamshinsa. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne da maƙwabtanta, inda a ke ce masa cayote, sunan da ya fito daga harshen mutanen Aztek. Can ba 'ya'yan kaɗai a ke ci ba, har da ɗanyen toho da saiwar da ta yi ƙwai kamar dankali.

Sunan mirliton kuwa, shi a ke kiransa da shi a ƙasar Haiti. Cikin 1809 da 1810 mutane wajen 10,000 'yan asalin Haiti, waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Kyuba, suka sauka New Orleans, Turawa da baƙar fata masu 'yanci da bayi, har yawan jama'ar birnin ya kusa ninkawa. Da yawa suna ganin ta wannan hanya ce sunan ya kafu a garin.

Yadda A Ke Renonsa

Abin da ya bambanta mirliton da 'yan'uwansa shi ne irinsa. Ƙwaya ɗaya tak ke cikin kowane ɗa, mai faɗi, mai taushi, ba ta da ɓawo mai ƙarfi. Idan aka cire ta aka shanya, ta mutu. Tun tana cikin ɗan ta ke tsira, ta leƙo ta tsagar nan ta baki, tana shan ruwan jikin uwarta. Manomin gero ya kan zuba irinsa a rumbu ya dawo bayan shekara biyu ko uku ya shuka, ya fito. Mai mirliton ba shi da wannan gata. Irinsa na 'yan watanni ne kurum.

Don haka a ƙarshen shekara mai gida ya kan zaɓi 'ya'ya biyu ko uku waɗanda suka ƙosa, ya naɗe su cikin takarda, ya ajiye a lungu mai duhu inda sanyi ba zai kai su ba. Kafin hunturu ya wuce sun yi tsiro. Cikin watan Maris ko Afrilu sai ya haƙa rami kusa da shinge, ya zuba taki, ya binne ɗan dungum a karkace, ɓangare mai tsaga yana ƙasa, ɗan kan yana waje. A kan tada wurin kamar kunya, gama saiwarsa ba ta yin zurfi, kuma ba ta jure kwanciyar ruwa. Kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa ya isa ya ruɓar da ita.

Daga nan sai yaɗo. Tushe ɗaya ya kan miƙa ƙafa 30 ko 40, yana kama waya da 'yan hannayensa murɗaɗɗu, ya rufe shinge, ya hau rumfa, ya tsallaka gidan maƙwabci. Duk tsawon bazara ba abin da ya ke yi sai ganye, wanda bai san halinsa ba sai ya ce juya ne. Sai rana ta fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba, sa'an nan ya ke fid da fure, na miji da na mace a tushe guda, ƙudan zuma suna kai-kawo tsakaninsu. Bayan kamar wata ɗaya a fara tsinka. Tushe mai lafiya ya kan ba da 'ya'ya 50, wani har fiye da 100, kafin sanyi ya ƙone ganyen. In aka lulluɓe gindin da busasshen ganye, ya kan sake tohowa baɗi.

Wannan yawa shi ya sa mirliton ya zama abin kyauta. Gida ɗaya ba ya iya cinye shi, kuma reshen da ya faɗa gidan maƙwabci na maƙwabci ne. Nunarsa tana zuwa daidai da bikin godiya na shekara da Amurkawa ke yi cikin Nuwamba. A kan dafa shi, a raba biyu, a kwashe cikin a soya da jatan lande da albasa da garin burodi, a mayar cikin ɓawon a gasa.

Shekarar Da Ruwa Ya Ci Gari

Ran 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwar nan Katrina ta auka wa gaɓar tekun. Ganuwar ruwa ta fashe a wurare da dama, ruwa ya rufe kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutane fiye da 1,000 suka rasu, dubban ɗaruruwa suka watsu zuwa wasu jihohi. Ruwan, wanda ke gauraye da gishiri, ya yi makonni a kwance a unguwanni kamar Gentilly da Lower Ninth Ward, ba a gama zuƙe shi ba sai cikin Oktoba.

A cikin irin wannan masifa ba wanda ya tuna da shukar bayan gida. Sai da mutane suka fara komowa suka gyara gidaje, sa'an nan suka ga shinge fayau. Ruwan ya zo ne a lokacin da mirliton bai ko yi fure ba, watau babu ɗa ko ɗaya a ajiye a lungu, ga saiwa ta ruɓe. An ce ajiya maganin wata rana, amma wannan iri ba ya ajiyuwa.

Wasu suka sayo na kanti suka binne. Ya tsira, ya yi yaɗo, amma galibi bai kai kaka ba. Dalili kuwa, na kantin daga ƙasashen Kosta Rika da Meziko a ke kawo shi, inda a ke noma shi a kan tuddai masu sanyi. Bai saba da zafi da gumin Luwiziyana ba, balle ciwon ganye da ke zuwa da damina. Na gida kuwa ya yi shekaru aru-aru yana sabawa da ƙasar, hannu zuwa hannu.

Neman Abin Da Ya Ɓata

Wani masanin tarihi da ya yi aiki a Jami'ar Tulane ta birnin, Dokta Lance Hill, shi ya ɗaura ɗamarar neman tsohon irin. Ya bi ƙauyukan Luwiziyana inda ruwan bai kai ba, yana tambaya gida gida, har ya samu tsofaffin da ke da tushen da suka gada. Ya karɓo 'ya'ya, ya raba wa masu sha'awa bisa sharaɗi ɗaya, cewa wanda nasa ya yi, zai ba wani. Galibi a kan sa wa iri sunan mutumin da aka samo shi a wurinsa. Da haka mirliton ya fara komawa shingayen New Orleans.

Hatsarin dai bai kau ba. Birnin yana nan inda ya ke tsakanin kogi da tafki, guguwa kuma tana da lokacinta kowace shekara, daga Yuni zuwa Nuwamba, daidai sa'ad da shukar ke tsaye ba ɗa a hannu. Abin da masu renonta suka koya daga 2005 shi ne kada iri ɗaya ya taru a unguwa ɗaya. Saboda haka in kaka ta yi, wanda ya tsinki nasa ya kan ware na ci, ya ware na ajiya, ya kuma ware na aikawa ga wani ɗan'uwa da ke zaune nesa, a kan tudu.