Na ce mata a fara da rufi

Jiya bayan sallar la'asar aka kira ni wani gida a cikin birni, kuma har yanzu da nake wannan rubutu abin yana ci mini rai. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata za su tuna bara, wajen ƙarshen damina, na rubuta cewa na rasa wani aiki saboda bakina. To, gidan ne. Ba zan faɗi unguwa ba, ba zan kama sunan kowa ba, don haka kada wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya.

Ina shiga falon, abin da idona ya fara sauka a kai bokitai ne uku da robar wanki, an jera su a kan sabon tayil. Silin ɗin POP da aka ƙawata da fitilu masu launi ya sha ruwa ya yi ciki, gefe ɗaya ya ɓalle ya faɗo a kan kujera, sai zaren da ke riƙe da shi yana reto. Allah ne ya kiyaye, don a nan jikokin Hajiya mai gidan suke kwana. Na ƙwanƙwasa tayil ɗin da aka manna a bango har zuwa ƙugu, ya amsa kamar ganga, alamar ya rabu da bangon tuni. Daga samansa fenti ya kumbura, gishiri ya fito fari fat. Hajiya na zaune a tabarma a bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ashe abin da ka faɗa ke nan." Na ce, "Hajiya, haka Allah ya ƙaddara, bari in hau in duba." Wallahi da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bara da ta kira ni, ba a daɗe da rasuwar maigidanta ba. An raba gado, ita da 'ya'yanta suka haɗa abin da ya samu don a gyara gidan, a ware ɗakuna biyu na waje a ba da haya, ta riƙa samun na cefane. Na sa tsani na hau. Kwano ya ci tsatsa a bakin kowace ƙusa, gara ta cinye katako har ina tura ɗan yatsa yana shigewa, magudanar da ke bayan farafet kuma ta cika da leda da ƙasa. Na sauko na zagaya, na ga tun da aka ɗaga lungun aka sa intalok, gidan ya koma rami, duk ruwan da ya sauka a gindin bangonsu yake kwana. Na ce, "Hajiya, a fara da rufi, sai a kori ruwan nan daga gindin bango, sai wayar wuta. In kuɗi ya ragu a yi fenti." Babban ɗanta ya ce, "Malam, yanzu duk wannan kuɗin a kashe, mutum ya shigo ya ga kamar ba a yi komai ba?" Bayan kwana huɗu na ji an ba wani aikin.

Ban ga laifin yaron ba, har ga Allah. Yana son mahaifiyarsa ta zauna a wuri mai kyau bayan baƙin cikin da ta sha, kuma bai taɓa hawa rufi ba a rayuwarsa. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya karɓi aikin. Ɗayan biyu ne. Ko dai ya hau rufin ya ga abin da na gani ya yi shiru, ko kuma ya karɓi kuɗin marayu ya rataya musu silin mai nauyi a kan katakon da bai ko duba ba. Kowanne daga ciki cin amana ne. Ya sani sarai POP da ruwa ba sa ga maciji. Ya sani in ka rufe bango mai sanyi da tayil, sanyin ba ya mutuwa, hawa yake yi ya fito ta sama. Yaron da ya yi wata shida yana miƙa wa birkila kwaɓi ya san wannan. Amma aikin POP da tayil ya fi kawo riba, ya fi saurin gamawa, kuma shi ake ɗauka a hoto a sa a Facebook, sai ya zaɓi nasa cikin.

Shekara 20 da ɗoriya ina wannan sana'a, daga lebura na fara, kuma abin da na koya a gyaran tsohon gida bai wuce wannan ba: babban abokin gabar gini ruwa ne. Na sama da ke bi ta kwano, na ƙasa da ke hawa ta gindin bango, da na ciki da ke tsiyaya daga bututun banɗaki da sokawe. Iyayenmu masu ginin ƙasa sun fi mu sanin haka. Kafin damina za ka ga ana yaɓe, ana gyara indararo don ya tofar da ruwa nesa da bango, ana shafe soro da makuba, kuma azarar giginya suke sawa saboda gara ba ta cika iya mata ba. Mu muka zo muka ɓoye magudana a bayan farafet don gida ya yi kyau daga titi, sannan ba mai hawa ya share ta sai watan Agusta ya zo ruwa ya tona asiri. Har gidan ƙasa na sha gani an lulluɓe shi da filastar siminti, danshi ya rasa hanyar fita, bayan damina biyu filastar ta ɓantaro da rabin bangon.

Tunda na fara, bari in faɗi ɗan abin da na sani, ko wani zai amfana. In za ka gyara gida, ka je ka gan shi ana ruwa ko washegarin ruwa, a nan yake faɗin gaskiyarsa. Bangon da ke fitar da gishiri, a kankare filastar a bar shi ya sha iska, a gyara inda ruwan ke kwanciya, a yi daɓen siminti mai gangara a gindinsa, sannan a mayar da filasta. Sabon kankare yana son ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, don haka duk wanda ya ce zai zuba maka linta yau ya ɗora mata kaya jibi, gaggawarsa yake yi da gidanka. Wayar wuta, 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki kuma a ba ta 4 da layinta daban. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga cikinta fari, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka mayar. Sokawe kuma ana so ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 15, wanda a fuloti mai ƙafa 50 kusan faɗin filin ne gaba ɗaya, shi ya sa nake cewa a yi wannan lissafin kafin a haƙa rami, a kuma tambayi maƙwabci inda tasa rijiyar take.

Sai maganar daraja, don da ita ake yaudarar mutane. Ana ce wa mai gida, "Alhaji, sa wannan, gidanka zai ƙara kuɗi." Ku tambayi kowane dillalin gidaje a Kano abin da mai saye yake fara tambaya. Wace unguwa? Nawa ne girman filin? Akwai takarda? Mota tana shiga? Akwai ruwa? Ruwa yana kwanciya da damina? Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar launin silin ba. Kowace unguwa tana da iyakar kuɗin da ake sayen gida a cikinta, ko ka shafe shi da zinare ba zai tsallake ta da nisa ba. Sau nawa na shiga gidan da aka saya, aikin farko da sabon mai shi ya ba ni shi ne in fasa tayil ɗin da na baya ya kashe dukiya a kai, saboda uwargida ba ta son kalar. Abin da na ga yana dawo da kuɗinsa shi ne rufin da ba ya yoyo, ƙarin banɗaki, ƙofa daban ga ɗan haya, shago in gidan yana bakin hanya, ruwa a cikin gida, da takardun da aka bi aka kammala. Hajiya haya take son bayarwa. Ɗan haya banɗakinsa da ƙofarsa yake dubawa, kuma ko ɗaya ba a yi mata ba. Ɗakunan nan biyu har jiya a rufe suke.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce kuɗinsu ne, abin da suke so shi za a yi musu. Na yarda, kuma ni ma na sha yin aikin da ba shi na ba da shawara ba. Amma sai bayan na faɗa, na maimaita, na rubuta a takardar ƙiyasi cewa rufin nan yana bukatar gyara kuma mai gida ya ce a bari. In ya zaɓa bayan ya sani, shi da kuɗinsa. Wanda aka ɓoye masa kuwa bai zaɓi komai ba, jan sa aka yi. Kuma akwai aikin da ko an sa hannu sau goma ba zan yi ba, irin rataya nauyi a kan ruɓaɓɓen katako a ɗakin da yara ke kwana.

Za a ce ina ɓata wa 'yan'uwana sana'a, ko ina tallar kaina. Wanda ya san ni ya san aikin da ke hannuna ya ishe ni, alhamdu lillahi. Kuma masu ɓata sana'ar nan su ne masu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa su ce wa mai shago ya ƙara a rasit, masu rubuta rodi 12 su sayo 10, masu karɓar kamasho a bayan idon wanda ya amince musu. Saboda su ne yau in ka faɗa wa mai gida gaskiyar farashi yake kallon ka kamar ɓarawo. In mai shago ya yi mini ragi, na mai gida ne, ladan aikina kuma a fili nake faɗa tun kafin a sauke yashi. Ban ce ban taɓa kuskure ba. Na taɓa yin ƙiyasin da ya gaza, na koma na ce wa mai aikin laifina ne, muka zauna muka daidaita. Kuskure daban, ha'inci daban.

Za a kuma ce tsadar kaya ce ta jawo. Lallai an sha wuya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ka yi ƙiyasi yau, mako mai zuwa ya zama tarihi. Amma wannan ai shi ne dalilin da ya sa ya kamata a fi tausaya wa mai gida. In kuɗi ba zai kai ko'ina ba, sai a kai shi inda ya fi ciwo. Ku ma masu gida kuna da naku. Ku daina ba wanda ya fi kowa araha aiki ido rufe, araha ba ta ado. Ku nemi a rubuta muku kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da kwanan wata. Ku biya kashi-kashi gwargwadon inda aiki ya kai, ku riƙe wani abu sai an ga ruwan farko. Ku kuma ware ɗan abin ko-ta-kwana, don tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin cutarsa.

'Yan'uwana masu gini, mu ji tsoron Allah. Mutumin da ya ba ka gyaran gidansa ya shigar da kai har ɗakin da baƙo ba ya shiga, ya miƙa maka abin da ya tara shekaru, wani fanshonsa ne, wani gadon ubansa, wata adashinta ne na shekara uku. Bai san bambancin rodi 10 da 12 ba, shi ya sa ya kira ka. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka saukar da gargaɗi a kan masu tauye mudu, kuma kada mu ɗauka 'yan kasuwar hatsi kaɗai take nufi. Wanda ya rage siminti a kwaɓi ya tauye mudu. Wanda ya ga ɓaraka ya shafe ta da fenti ya tauye mudu. Aikinmu yawancinsa a ɓoye yake, a cikin bango, a ƙarƙashin daɓe, a saman silin, inda mai gida ba zai taɓa leƙawa ba. Wanda ba ya barci yana gani, kuma ranar da za a tambaye mu ba rasit ɗin da zai yi amfani. Balle dukiyar maraya, wadda kowa ya san abin da aka ce game da mai cin ta.

Da na sauko daga rufin jiya, babban ɗan Hajiya yana tsaye kansa a ƙasa. Na dafa shi na ce, "Ƙanena, ɗago kanka, niyyarka mai kyau ce." Kuɗin da ya rage musu kaɗan ne, ba zai canja rufin duka ba. Mun tsayar da shawara za mu sauke sauran POP ɗin kafin ya faɗo wa wani, mu share magudanar, mu canja katako da kwanon ɗakin Hajiya da na falo, mu buɗe wa ruwan gindin bango hanya zuwa kwata. Sauran sai bayan damina, in Allah ya hore. Falon zai zauna ba silin na wasu watanni, na kuma faɗa mata haka ƙarara. Ta ce, "Ɗan nan, in dai zan kwana ba na jin ɗigar ruwa a bokiti, ya ishe ni."

Gobe da sassafe ni da kafinta za mu je kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa. Wanda yake da uwa ko gwaggo da ake shirin yi wa gyaran gida, don Allah ya sa a hau rufin a duba kafin a sayi kwalin tayil ko ɗaya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya jiƙan maigidan Hajiya, ya sa mu gama da duniya lafiya.