Daren Da Na Raka Yayana Wurin Aiki

A hutun da ya wuce na je Kano wurin yayana, wanda ke kula da na'urorin sadarwa na wani kamfani mai reshe a Kaduna. Baba ya sha tambaya, "Wai shi wane irin aiki ne ba a yinsa sai dare?" Ni ma ban sani ba, sai wata Asabar da ya ce in raka shi.

Muka shiga wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar tsakiyar hunturu. Ya nuna mini wani akwati mai ƙyafta fitilu, ya ce, "Auta, wannan ita ce rauta. Kamar ɗan kamasho take a tasha. Kowane saƙo ya zo sai ta duba adireshinsa ta ɗora shi kan hanya."

Ashe rautoci labari suke ba juna game da hanyoyin da suka sani. A cikin kamfani ɗaya sukan yi haka da wata ƙa'ida da ake kira OSPF. Kowace hanya ana yanka mata farashi, rauta kuwa mai araha take bi. Hanyoyi biyu ke zuwa Kaduna, ta kebul mai faɗi da ta rediyo 'yar siririya, wadda aka ajiye don ɓacin rana. Yaya ya ba ni takarda in riƙa karanto masa lambobi yana bugawa: kebul 10, rediyo 100. Barci ya fara fizgata, na juya su.

Ba a jima ba sai ga waya daga Kaduna, wai komai ya tsaya cik, ga shi a daren nan suke haɗa albashin ma'aikata. Yaya ya bi sawun saƙo zango-zango, ya tarar duk kaya sun cunkushe a siririyar hanya. Kai, ranar na ji kunya! Na ce, "Yaya, ni ne." Bai yi faɗa ba. Ya gyara, ya ce laifinsa ne da bai sake dubawa ba, don rauta ba ta musu da abin da aka faɗa mata.

Muna jiran Kaduna su tabbatar, ya ba ni labarin BGP, ƙa'idar da kamfanoni daban-daban ke sanar da juna hanyoyi da ita. A watan Nuwamba na 2018 kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskuren saiti, saƙonnin da za su Google suka ɓige ta Rasha da Sin har minti 74. Shi ya sa ake kafa wa rauta sharuɗɗa, a gaya mata labarin da za ta karɓa daga maƙwabciya da wanda za ta ƙi. Ni a ganina wannan ya fi yanka farashi wuya.

Ana kiran assalatu ya adana saitin, don kada ɗaukewar wuta ta shafe shi. A wannan karon sau biyu na karanta masa kowace lamba.